Sawun Nomau

Ubana mai bin sawu ne.
In an kore shanu a Jiratawa da dare,
kafin hantsi ana sallama a ƙofarmu.
Sai ya durƙusa a rairayin gulbi,
ya shafa ƙasa kamar mai duba zazzaɓin yaro,
ya ce: mutum biyu ne, guda na ɗingishi da hagu,
gudan ya kwana bai ci komi ba.
Ni ban san yadda yunwa ke sa hannu a turɓaya ba.
Shi ya sani.

Yau ni ke bin nasa.

Na ɗaura masa ƴar na'ura a idon sawu,
ba ta kai kwalin ashana ba,
na auna mita goma a barandar asibiti,
na ja layi da alli.
Ya ce: Tsahara, layar nan ta wane malami ce?
Na ce ta Mushe Kalla ce, na jami'a.
Ya ce: to, Allah sa ya iya.

Mushe Kalla ya zana mana a allo
cewa mai lafiya ba ya tafiya kamar agogo.
Wannan taki ya ɗara da ƙiftawar ido, wancan ya gaza,
amma kowanne na tune da na bayansa
har ɗari da suka shige,
kamar zuri'a mai riƙe da sunan kakanni.
In cuta ta shiga ƙwaƙwalwa sai zumunci ya yanke,
kowane taki ya zama baƙo,
bai san wa ya haife shi ba.

Na rubuta haka, na ci jarrabawa.
Ashe labarin gidanmu nake rubutawa.

Da dare, in ba a ɗauke wuta ba,
sai in buɗe lambobinsa.
Daƙiƙa ɗaya da ɗigo biyu.
Sifili da ɗigo takwas.
Ɗaya da ɗigo shida, sannan shiru mai tsawo.
Zanen ya hau, ya sauka, haƙoran zarto.
Na tara, na raba, na fid da matsakaici,
matsakaicin nan kuwa wani mutum ne daban,
bai taɓa goya ni a kafaɗa zuwa Tibiri ba.

A bakin zaure abin ya fi kama shi.
Jiki ya yi gaba, ƙafa ta kafe
kamar an zuba mata ƙaro,
yatsu na jan tasbahar da ba ta hannu.
Ya kan ce mata: haba,
ke da kika je Madarunfa kika komo a yini guda?

Ran wata Laraba,
Barira ta fara dakan gyaɗa a bayan katanga.
Taɓarya ta sauka, ta tashi, ta sauka.
Sai na ga dunduniyarsa ta ɗaga.
Ta jira turmi. Ta faɗi tare da shi.
Ya ƙetare dokin ƙofa,
ya wuce randa, ya wuce akurki,
sai gindin dogonyaro.
Taki ashirin da bakwai, da bakina na ƙirga.
Na'urar tana ɗaka, an jona ta da wuta,
ba ta ji komi ba.

Mushe Kalla ya ce an san da wannan, akwai shi a littafi,
in dai kawo lambobi.

Da la'asar na ɗauko tsintsiya.
Ya ce: bari tukuna.
Na riƙe shi ya durƙusa, a hankali, gwiwa guda sannan guda.
Ya daɗe yana duban tsakar gidansa.
Ya ce: tsoho ne ya bi ta nan.
Yana jan ƙafar dama,
sawun ya matsu, kamar mai tsoron ƙasa ta ƙare.
Ya shafa na ƙarshe da tafin hannu.
Amma dubi nan, in ji shi,
nan bai duba ƙasa ba.